Shirin Musamman: Yaran Hajj Yusuf da Jarrabawar Lissafi ta Ƙarshen Firamare

A Sudan, jarrabawar kammala firamare aikin jiha ce, wato wilaya a bakin mutanen ƙasar. Ma'aikatar ilimi ta kowace jiha ita ke tsara tambayoyi, ta sa rana, ta duba takardu, ta fitar da sakamako. Littattafan karatu kuwa iri ɗaya ne a ko'ina, suna fitowa daga cibiyar tsara manhaja ta ƙasa da ke Bakht al-Ruda, kusa da garin Duwaim a jihar Farin Nilu, inda aka kafa makarantar horar da malamai tun 1934. Saboda haka yaran Hajj Yusuf, babbar unguwar nan da ke gabashin Shuɗin Nilu a ƙaramar hukumar Sharƙ an-Nil, takardar jihar Khartoum suke amsawa, daidai da takwarorinsu na Omdurman da Bahri.

Ajin da ake yin jarrabawar ya sha canzawa. Kafin 1970 tsarin karatu shekara huɗu-huɗu ne har hawa uku. A zamanin Shugaba Numairi aka mayar da shi shida, uku, uku. A farkon shekarun 1990 aka haɗe firamare da matsakaiciya suka zama mataki ɗaya mai shekara takwas da ake kira asas, wanda jarrabawarsa ke da jimillar maki 280, kuma an daɗe ana yin ta a watan Maris. Bayan sauyin gwamnati na 2019 aka koma wa tsarin shida, uku, uku, sai jarrabawar jiha ta farko ta sauko zuwa ƙarshen aji shida. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu ne yanzu ke karɓar lambar zama ya shiga ɗakin jarrabawa.

Jimillar maki, wadda kowa ke kira majmu'i, ita ce abin da iyaye ke fara tambaya. A tsohon tsari da ita ake raba yara zuwa sakandare, kuma makarantun da ake kira namuzajiyya masu babban majmu'i kaɗai suke ɗauka. Lissafi, ko riyadiyyat, yana cikin darussan da suka fi jawo majmu'in yaro ƙasa, domin hadda ba ta fitar da mutum a cikinsa kamar yadda takan taimaka a wasu darussa.

A Hajj Yusuf akwai wani nauyi na daban. Unguwa ce da ta tara mutane daga Darfur, da Dutsen Nuba, da kudu, da gabas, har da Hausawa, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yiwo hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Yara da yawa suna tasowa da harshen gida da kuma Larabcin titi, makaranta kuma da Larabcin littafi take koyarwa. Ga ɗan gidan Hausawa, ƙirga kanta da sauƙi, tunda ashirin, talatin, arba'in, hamsin, duk daga Larabci Hausa ta aro su. Inda gizo ke saƙar shi ne jerin furuci. Bahaushe yana cewa ashirin da biyar, goma-goma a gaba. Balarabe yana cewa khamsa wa ishrin, ya fara da biyar. Yaron da yake tunani da Hausa, malami kuma yana yi masa shifta da Larabci, yana iya rubuta 52 a maimakon 25, alhali ya san amsar sarai. Wannan kuskure yakan bi yaro daga aji biyu har ɗakin jarrabawa in ba a lura ba, kuma maganinsa ba shi da tsada: a riƙa faɗa masa lambobi yana rubutawa, sannan ya nuna wane gurbi ne na ɗai-ɗai, wane ne na goma-goma.

Su kansu alƙaluman suna da nasu tarko. Makarantun Sudan suna amfani da lambobin Larabcin gabas, inda sifili ɗigo ne kawai, biyar kuma ɗan da'ira. Bakwai da takwas sura ɗaya ce, ɗaya bakinta sama, ɗaya ƙasa. Biyu da uku bambancinsu haƙori guda. Ga kuma waya da kwamfuta suna nuna wa yaro ɗaya nau'in lambobin, wanda a cikinsa da'ira sifili ce, shida ta littafinsa kuma ta yi kama da bakwai. Ɗigon sifilin da fensir bai fito da shi sosai ba yana mayar da 300 ta zama 30 a idon mai duba takarda. Shi ya sa gogaggun malamai ke matsa wa yara a kan tsabtar rubutu tun kafin a zo ga manyan babuka.

Abin ban tausayi shi ne yawancin waɗannan yara ba su rasa basirar lissafi ba. Wanda ke taya mahaifiyarsa sayar da shayi ko gyaɗa a kasuwar Suƙ Sitta yana ba da canji da ka, ba ya kuskure. Sai dai lissafin kasuwa yana da nasa yare. Tun da aka sauya kuɗi a 2007, fam ɗaya sabo ya maye gurbin tsohon fam 1,000, mutane da dama suka ci gaba da faɗin farashi da tsohon ƙirge, ana kiran dubu miliyan. Yaron da kunnensa ya saba da haka yana buƙatar a zaunar da shi a nuna masa cewa a takarda kowane sifili yana da muƙaminsa.

Wurin da aka fi zubar da maki shi ne tambayoyin da ke zuwa cikin labari. Misali: ɗan kasuwa ya sayi kaya fam 400, ya sayar fam 500, nawa ne ribarsa cikin ɗari? Kusan kowane yaro zai ce ribar 100 ce. Daga nan hanya ke rabuwa. Wanda ya fahimci jimlar zai auna ribar da kuɗin saye ya sami kashi 25. Wanda bai fahimta ba sai ya auna da kuɗin sayarwa ya sami 20. Rabawarsa daidai ce, karatun jimlar ne ya kayar da shi. Malamin kirki yakan sa yaro ya maimaita tambayar da bakinsa, da Larabcin titi ko da Hausa, ya faɗi abin da aka ba shi da abin da ake nema, kafin ya taɓa fensir. Minti biyun nan da wasu ke gani ɓata lokaci ne sun fi sa'a guda ta maimaita ƙa'idoji amfani.

Shirin da makarantu suka saba yi sananne ne. A yi sauri a gama littafi, a shiga darussan ƙari da yamma ko ranar Asabar, a warware takardun shekarun baya, a yi jarrabawar gwaji. Masu hali suna ɗaukar malami na musamman, abin da gidaje da yawa a sassan Hajj Yusuf irin su Maigoma da Wihda da Shigla ba za su iya ba. Takardun baya suna da amfani, domin suna koya wa yaro raba lokaci da sanin fasalin tambaya. Illarsu tana fitowa ne idan aka mai da su abin hadda, domin da zarar mai tsara jarrabawa ya sauya lamba ɗaya, yaro ya tsaya cak. Abin da ya cancanci hadda shi ne jadawalin sau, kuma a nan yaran da suka bi ta khalwa, wato makarantar allo, suna da riba, tunda sun saba da tilawa. Wanda bai riƙe jadawali zuwa sau 12 ba zai sha wuya a rabawa mai tsawo, da kusur, wato gutsuren lamba irin su rabi da sulusi da rubu'i, da kuma lissafin kashi cikin ɗari.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya rufe makarantun Khartoum. A watan Oktoba na shekarar, asusun UNICEF ya ce yara miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a ƙasar. Yankin Sharƙ an-Nil ya kasance a hannun RSF har zuwa Maris 2025, iyalai da yawa kuma suka watsu zuwa Gadarif, Kasala, Fot Sudan da Masar. Lissafi ya fi kowane darasi jin wannan giɓi, domin gini ne da kowane tubali ke zaune kan na ƙasansa. Yaron da ya bar makaranta a aji huɗu ya dawo aka sa shi a gaba bisa shekarunsa yana iya kasa yin kusur don kawai rabawa ta kufce masa. Mataki na farko a kan irin wannan yaro shi ne ɗan gwaji gajere da zai nuna inda karatunsa ya yanke, a fara daga nan ko da littafin aji uku ne, ba tare da an kunyata shi gaban 'yan'uwansa ba.

A gida, ba sai uwa ko uba sun yi boko za su taimaka ba. Rabin sa'a kullum bayan la'asar, tun da sauran haske, ya fi zaman dare guda a makon jarrabawa. Yaya ko anti mai sakandare za ta iya yin shiftar lambobi, uwa ta karɓi jadawali kamar yadda take karɓar hadda, uba ya sa yaro ya rubuta cinikin yini a takarda. Ana roƙon iyayen da ke da yaro a aji biyar ko shida su je makaranta da kansu tun farkon shekara, su ga malamin lissafi, su tambaye shi wane babi ne ɗansu ya tsaya a kai.