Annoba ta shigo gari: a kai ƙaramin yaro makaranta ko a dakata?

A watan Maris na 2020 aka samu mutum na farko mai cutar korona a Nijar, kuma gwamnati ta rufe makarantu. Da aka sake buɗe su a watan Yuni, iyaye masu yara ƴan shekara huɗu da biyar suka shiga tunani: a kai yaro ajin share fage, ko a bar shi gida sai baɗi? Wannan tambaya za ta sake tasowa duk lokacin da wata cuta ta ɓarke, don haka ya kamata mu san yadda ake auna ta.

Idan hukuma ta rufe makarantu, sai a bi umarni. Haka aka yi a Yamai a watan Afrilu na 2015, lokacin annobar sanƙarau. Amma idan makaranta a buɗe take, shawara tana hannunku. Kada tsoro kaɗai ya yanke muku ita. Ku duba abubuwa huɗu.

Da farko, wace cuta ce? Ba kowace annoba ke kama yara da ƙarfi iri ɗaya ba. Korona ta fi yi wa tsofaffi illa, da masu ciwon suga, hawan jini ko ciwon zuciya. Yawancin ƙananan yara da suka kamu, zazzaɓi da mura suka yi suka warke. Ƙyanda kuwa, wato baƙon dauro, yara take nema. Ƙwayarta tana iya zama cikin iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ciwon ya fita, kuma cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka zauna kusa da shi, wajen 9 kan kamu. Sanƙarau shi ma ya fi kama yara da matasa, musamman daga hunturu zuwa bazara.

Na biyu, ku duba yaron. Ku ɗauko katin rigakafinsa ku kai wa ma'aikacin lafiya. An yi masa allurar ƙyanda ta wata tara da kuma ta biyu? An yi ta sanƙarau? In akwai wadda ta wuce shi, a tambaya a cike masa ita kafin ya shiga aji. Yaro mai tamowa, ko sikila, ko asma, ko ciwon zuciya, ko wanda bai daɗe da tashi daga jinya ba, kada a kai shi sai likita ya duba shi.

Na uku, ku duba gida. Yaro zai iya ɗauko ciwo a aji, shi ya warke, ya bar wa kakarsa da suke kwana ɗaki ɗaya. In akwai tsoho mai rauni, ko mai ciki, ko jinjirin da bai kai wata tara ba, a raba musu wurin kwana da ɗan makaranta in da hali. Da ya dawo, ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa kowa.

Na huɗu, ku je makarantar da ƙafarku. Tagogi a buɗe suke? Akwai ruwa da sabulu? Yara nawa ne a aji? Malama tana mayar da yaro mai zazzaɓi gida? Aji a rumfa ko gindin itace, inda iska ke ratsawa, ya fi rufaffen ɗaki mai cunkoso. A lokacin korona, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a tilasta wa yaro ɗan shekara 5 zuwa ƙasa sa takunkumi, don haka kariyarsa tana ga iska, tsabta da kulawar manya.

Zaman gida ma yana da nasa asara. A ajin share fage yaro ke koyon riƙe alli, jiran layi da zama da tsara, kuma kunnensa ya fara sabawa da harshen makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku tuna kuma, yaron da ke yini a kasuwa, gidan biki da dandali bai tsira daga cunkoso ba don an hana shi aji.

In kun yanke a dakata, ku sa ranar komawa: wata ɗaya ko biyu, ko zuwa lokacin da aka gama rigakafi. Ku shaida wa shugaban makaranta don kada a cire sunansa. Dakatawar da ba ta da rana ita ke zama dainawa, kuma ƴaƴa mata ta fi cinyewa, domin da sun saba da tallafa wa uwa, sai a manta da makaranta. A gida a riƙa yi wa yaro tatsuniya, ya ƙirga tsakuwa, ya zana a ƙasa da tsinke.

Ko yana gida ko yana aji, in kuka ga zazzaɓi mai zafi tare da sanƙarewar wuya, ko jijjiga, ko numfashi da sauri, ko ƙuraje da jan ido, ko ya kasa sha, ku kawo shi asibiti nan take, ko da dare ne.