Zuga Kwamfuta Ta Wuce Gudunta: Gaskiyar Magana Da Labarin Shago

A shagunan kwamfuta na Rano da Kibiya, wurin masu buga takardu da masu haɗa bidiyon biki, akwai maganar da ke yawo, wai akwai saitin da ake taɓawa a cikin BIOS, tsohuwar kwamfuta ta koma kamar sabuwa. Wasu kuma har rantsuwa suke yi cewa duk wanda ya taɓa wurin, na'urarsa za ta ƙone nan take. Abin da ake nufi shi ne zuga furosesa da RAM su yi gudu fiye da ƙa'idar da kamfani ya yanka musu.

Maganar da ta fi cin kuɗin mutane ita ce wai kowace kwamfuta tana zuguwa. Ba haka ba ne. A wurin Intel, furosesa mai harafin K a ƙarshen lambarta, irin i5-2500K ta shekarar 2011, ita aka bari a buɗe, kuma a yau sai an ɗora ta kan madabod ajin Z. Ryzen ta kamfanin AMD, wadda ta fito a 2017, yawancinta a buɗe take, amma tana buƙatar madabod ajin B ko X. Su kuwa HP da Dell na ofis, na hannu, waɗanda ake saro mana daga Kano, BIOS ɗinsu a kulle yake. Duk wanda ya ce ka biya shi ya sa maka manhajar da za ta zuga irin wannan, kuɗinka kawai yake so.

Batun ƙonewa nan take, an yi masa ƙari. Furosesar zamani tana auna zafin kanta. Ta Intel idan ta kai wajen digiri 100 sai ta rage gudu, in abin ya faskara ta kashe kanta. Idan saiti ya hana kwamfuta tashi, a cire ta daga wuta, a zare ƙaramin batirin CR2032 da ke kan madabod na 'yan mintoci, komai ya koma yadda yake.

Sai dai masu tsoron ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Abin da ke kashe furosesa shi ne ƙarin ƙarfin wutar da ake tura mata don ta jure sabon gudun, kuma yawanci a hankali yake cin ta. A 2023 wasu Ryzen 7000X3D sun ƙone a kan madabod, har AMD ta ƙayyade wutar wani sashe nasu a bolt 1.3. A 2024 Intel ta amsa cewa wuta mai yawa na lalata wasu furosesocinta na zubi na 13 da na 14, ta ƙara musu garanti na shekara biyu. To, idan masu ƙera abin sun yi tuntuɓe a lissafin wuta, ina ga mai kwaikwayon lambobi daga bidiyon YouTube? Ga lissafin kuma: ƙara wuta da kashi 10 cikin ɗari yana ƙara zafi da kusan kashi 21, tun ba a sa ƙarin gudun a ciki ba.

Nan ne yanayinmu ya shigo. Masu waɗancan bidiyoyi suna gwaji ne a ɗaki mai sanyi. A Rano kuwa, zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40, balle a shago mai rufin kwano da tsakar rana. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take hurawa, don haka duk digirin da ɗaki ya ƙaru sai ya hau kan furosesa. Ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe ramukan iska. Saitin da ya zauna lafiya a Disamba yana iya fara kashe kwamfuta da bazara.

A ɓangaren RAM, maganar ƙarin gudu gaskiya ce, kuma nan ne riba ta fi sauƙin samu. DDR4 da aka rubuta wa 3200 ko 3600 sau da yawa a 2133 ko 2400 take aiki har sai an kunna XMP, tsarin da Intel ta fito da shi a 2007. Na AMD, wato EXPO, ya zo a 2022. Kunna XMP yakan ɗaga wutar DDR4 daga bolt 1.2 zuwa 1.35, kuma an ƙera ta ne ta ɗauki hakan. Matsala takan taso ne idan aka gwama RAM iri biyu da aka tsinto daban-daban.

Wai in dai kwamfuta ta tashi ta shiga Windows, an gama? Wannan ita ce ƙaryar da ta fi ba ni tsoro, domin RAM mai tangarɗa tana ɓata fayil ba tare da ta nuna alama ba, sai ranar da mai biki ya zo karɓar aikinsa. A bar manhajar MemTest86 ta kwana tana gwaji, a sa Prime95 a lokacin da rana ta fi zafi, ana duba awon zafi da HWiNFO, kuma a canza saiti ɗaya kawai a kowane zagaye. Kada a sabunta BIOS ba tare da UPS ko inbata ba, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya kashe madabod.

Ninka gudu kuwa babu shi. Furosesar yanzu tana ƙara wa kanta gudu gwargwadon sanyin da ta samu, abin da ya rage wa mai zugawa kaɗan ne, kuma garanti ba ya ɗaukar ɓarnar da zugi ya jawo. Gigahaz 9 da aka kai a ƙarshen 2022 da i9-13900K, da ruwan iskar hiliyam aka sanyaya ta. Tsohuwar HP da ke jan ƙafa a shago, a sauya mata tsohon hadis da SSD, a ƙara RAM zuwa gig 8 ko 16, a hure ƙura, a sabunta man da ke tsakanin furosesa da fanka.