Kafofin Sada Zumunta da Ƙulla Hulɗar Kasuwanci a Yankin Mahuta

BABI NA HUƊU

4.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi ƙoƙarin amsa tambaya guda ɗaya, wato ko kafofin sada zumunta na gama-gari, irin su Facebook da WhatsApp da TikTok, suna da amfani wajen ƙulla hulɗar kasuwanci tsakanin manoma da 'yan kasuwar hatsi na yankin Mahuta. Abin da ake nufi da kafofi na gama-gari shi ne waɗanda ba domin kasuwanci aka ƙirƙire su ba, sai domin hira da zumunci, saɓanin kafa irin ta LinkedIn wadda aka buɗe a shekarar 2003 musamman domin ma'aikata da masu sana'o'i. Ita kuwa hulɗar kasuwanci, ana nufin irin sanayyar da ke kai mutum biyu ga ciniki, har ɗaya ya yarda ya ba ɗaya kaya ko kuɗi kafin a biya shi. Tambayar tana da muhimmanci, domin abin da manomi ko ɗan kwarami yake sa wa a hannun abokin cinikinsa shi ne gumin shekara guda.

4.1 Yankin Mahuta da Kasuwancinsa

Akwai garuruwa biyu masu suna Mahuta a kudancin Jihar Katsina. Ɗaya tana cikin Ƙaramar Hukumar Ƙafur, maƙwabciyar Malumfashi, ɗayar kuma tana cikin Ƙaramar Hukumar Ɗandume, maƙwabciyar Funtuwa. Dukkansu suna cikin yankin da ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, inda ake noma masara da dawa da shinkafa da waken suya da auduga. Titin jirgin ƙasa da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa Funtuwa tun a shekarun 1920, abin da ya mayar da garin matattarar auduga. Har ila yau, Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka fara a tsakiyar shekarun 1970 da tallafin Bankin Duniya, ya yaɗa takin zamani da ingantaccen irin masara a ƙauyukan yankin. Saboda haka ne kasuwanni irin su ta Ɗandume da ta Funtuwa da ta Bakori suka zama wuraren da motoci ke lodin hatsi zuwa kasuwar Dawanau ta Kano da kuma kudancin Nijeriya. Ke nan, tun fil azal manomin wannan yanki yana bukatar sanin mutanen da ke nesa da shi.

4.2 Tsarin Hulɗa na Gargajiya

Kafin a auna amfanin sabon abu, wajibi ne a san abin da ya tarar. Kasuwancin Bahaushe na nesa ya ginu ne a kan mutum uku: falke, da maigida ko fatoma mai saukar baƙi, da kuma dillali mai karɓar la'ada. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi ba tare da wata takarda ba, domin maigida ne ke tsayawa a matsayin lamuni, idan mahauci ya ƙi biya shi ne zai ɗauki nauyi ko ya zubar da mutuncinsa. A nan kusa kuma, Paul Clough ya yi bincike a ƙauyen Marmara na ƙasar Malumfashi tun daga ƙarshen shekarun 1970, ya wallafa sakamakonsa a 2014. Binciken ya nuna cewa tara dukiya a karkarar Hausa yana tafiya ne tare da bashi da amana, da dangantakar aure da ta ubangida da yaronsa.

Abin lura a nan shi ne, wannan tsari yana yin ayyuka biyu a lokaci guda. Na farko, yana kawo labari, wato farashin buhu a kasuwa kaza da sunan mai neman kaya. Na biyu, yana ba da lamuni, wato wanda za a kama idan ciniki ya ɓaci. Da waɗannan ma'aunai biyu za a auna kafofin sada zumunta.

4.3 Shigowar Waya da Kafofin Sada Zumunta

Wayar salula ta fara aiki a Nijeriya a shekarar 2001. An ƙirƙiri Facebook a 2004, WhatsApp kuma a 2009. Abubuwa biyu ne suka sauƙaƙa wa mutanen karkara shiga waɗannan kafofi. Na farko shi ne saƙon murya da WhatsApp ya fito da shi a 2013, wanda ya ba wanda bai yi karatun boko ba damar aika bayani da bakinsa. Na biyu shi ne sanya harshen Hausa cikin harsunan Facebook a 2016. Bugu da ƙari, ƙarancin takardun kuɗi da aka yi fama da shi a farkon shekarar 2023, bayan sauya fasalin naira, ya tilasta wa 'yan kasuwa da dama karɓar kuɗi ta waya da ta hannun masu POS.

4.4 Fa'idojin Kafofin ga Ɗan Kasuwa

Fa'ida ta farko ita ce saurin samun labarin farashi. A da, sai direba ko ɗan kamasho ya dawo daga Kano kafin a san yadda masara ta kwana a Dawanau. Yanzu kuwa saƙon murya guda a zauren WhatsApp ya wadatar. Binciken da Jenny Aker ta yi a kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar, daga 2001 zuwa 2006, ya gano cewa zuwan wayar salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Duk da cewa binciken a kan kiran waya aka yi shi, dalilin iri ɗaya ne: wanda ya san farashin kasuwanni biyar ba a yi masa tayin wulaƙanci.

Fa'ida ta biyu ita ce haɗuwa da sababbin mutane. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya bayyana a 1973 cewa sabon labari ya fi zuwa wa mutum daga waɗanda sanayyarsu ba ta yi zurfi ba, domin 'yan'uwa da aminai abin da ya sani shi suka sani. A nan ne kasancewar kafar ta gama-gari take zama alheri. Alal misali, ɗan kwarami zai iya shiga zauren tsofaffin ɗalibai ko na 'yan garinsu mazauna Legas domin zumunci kawai, sai a can ya gamu da mai gonar kaji da ke neman masara da waken suya. Irin wannan gamo ba zai samu a kafar ma'aikata zalla ba, domin abokan cinikinsa ba su cikinta.

Fa'ida ta uku ita ce talla mai araha. Hoton buhuna a sito ko gajeren bidiyon awo yana isa ga jama'a masu yawa da kuɗin data kaɗan. Wannan ya fi amfanar matan aure masu sana'a a cikin gida, waɗanda a da sai ta hanyar tallar yara kayansu ke fita.

4.5 Matsaloli da Iyakoki

Idan aka koma ga ma'auni na biyu, wato lamuni, sai a ga kafofin sun gaza. Shafin Facebook ba ya da gida ba ya da dangi, mai shi zai iya rufe shi cikin dare ya buɗe wani da sabon suna. Hoto ba ya nuna ko masarar ta bushe, ko tana da ƙwari, ko buhun ya cika awo. Wanda ya tura kuɗi a kan hoto kaɗai ya yi abin da Hausawa ke kira cinikin biri a sama. Haka nan mai kaya yana iya faɗawa hannun 'yan damfara masu tura saƙon shigar kuɗi na bogi, a yi lodi mota ta tashi kafin ya gane asusunsa babu ko kwabo.

Matsala ta biyu ita ce ta tsaro. A yankin da ke fama da masu garkuwa da mutane, nuna yawan kaya ko kuɗi ga jama'ar da ba a sani ba yana iya jawo wa mutum idon da ba ya so. Saboda haka rufaffen zaure, wanda shugabansa ya san kowa, ya fi buɗaɗɗen shafi dacewa da maganar ciniki.

Matsala ta uku ita ce dogaro da abin da ba a hannun ɗan kasuwa yake ba. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Ɗandume da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, aka kuma shafe watanni a haka. A wannan lokaci wanda hulɗarsa duk a waya take ya yanke da abokan cinikinsa, amma mai dillali da maigida ya ci gaba da aika saƙo ta bakin direbobi kamar yadda aka saba.

4.6 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, za a iya cewa kafofin sada zumunta na gama-gari suna da amfani wajen ƙulla hulɗar kasuwanci a yankin Mahuta, amma amfanin ya tsaya ne a rabin aiki. Sun karɓi aikin kawo labari da haɗa mutane, har sun fi tsohon tsari sauri da araha. Aikin lamuni kuwa yana nan a hannun dillali da maigida da shugabannin kasuwa, domin su ne ake iya zuwa ƙofar gidansu. Ɗan kasuwar da ya fi cin moriyar kafofin shi ne wanda zai samo abokin ciniki a waya, sannan ya nemi wani sananne da zai tsaya masa, ya fara da kaya kaɗan, ya kuma tabbatar kuɗi sun shiga asusunsa kafin mota ta tashi. Masu iya magana sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma ga dukkan alamu amanar ciniki ma haka take. Babi na gaba zai duba matsayin dillalai a kasuwannin hatsi na yankin bayan shigowar waɗannan kafofi.