Sauya jami'a: Yaya ɗalibi zai bayyana halin da ya shiga?

Ɗaliban da ke neman komawa wata jami'a a tsakiyar karatu kan fuskanci tambaya guda mai wuya yayin rubuta takardar neman sauyi: me ya kamata su faɗa game da matsalar da ta raba su da makarantarsu ta farko, me kuma ya kamata su bari a ciki?

Batun ya fito fili ne a shekarar 2023, bayan da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga watan Afrilu, aka kwaso ɗaliban Najeriya da ke karatu a can, ciki har da 'yan jihar Sakkwato.

Shekara guda kafin nan, yaƙin Ukraine ya koro wasu ɗaliban gida, da dama daga cikinsu masu karatun likita.

Ga 'yan Sakkwato, wurin da aka fi sa wa ido shi ne Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, aka kuma sauya mata suna a 1988. Akwai kuma jami'ar jihar, wadda ta soma karatu a 2013.

Wa ke yanke hukunci?

A jami'o'in Najeriya, majalisar malamai ta kowace jami'a ce ke da ta cewa kan karɓar ɗalibin da ya fito daga wata jami'ar.

Ko a 2023, lokacin da hukumar JAMB ta fitar da ƙa'idojin karɓar ɗaliban da suka dawo daga ƙasashen da ake yaƙi, ikon karɓa ko ƙi ya ci gaba da kasancewa a hannun jami'o'in.

Abin da suke fara dubawa shi ne takardar sakamakon jarrabawar ɗalibi, da dacewar darussan da ya yi da nasu, sannan ko akwai gurbi a sashen da yake nema.

A fannin likitanci, alal misali, hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa ce ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka. Don haka komai tsananin halin da mutum ya shiga, ba zai samar da gurbin da babu shi ba.

Amfanin bayanin matsalar shi ne ya amsa tambayoyin da takardar sakamako ba za ta iya amsawa ba, kamar dalilin faɗuwar maki a wani zango, ko dalilin ɓacewar shekara guda.

Tsakanin kunya da buƙata

A ƙasar Hausa ana tarbiyyar yaro a kan kunya da rufin asiri, har ake cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Wannan ya sa wani ɗalibin kan rubuta "saboda wasu dalilai na gida" ya tsaya nan, alhali mahaifinsa ne ya rasu, ko kuwa 'yan bindiga ne suka tashi ƙauyensu.

Irin wannan jimla ba ta ba kwamiti abin da zai kafa hujja da shi. Ranar wanka kuwa, in ji Hausawa, ba a ɓoyon cibi.

Wani kuma kan cika shafi biyu da koke da roƙo, ya manta bai ambaci karatunsa ba ko sau ɗaya.

Abin da ya fi dacewa shi ne a faɗi abin da ya faru a taƙaice, da lokacin da ya faru, da yadda ya shafi karatu. Ɗalibar da ta yi jinyar mahaifiyarta wata huɗu, ya isa ta ambaci watannin da jarrabawar da ta rasa, ba sai ta zayyana irin ciwon ba.

Daga nan sai mai rubutu ya nuna abin da ya sauya, da dalilin da ya sa komawa Sakkwato zai warware matsalar, kamar kusanci da iyali, ko samun kulawa a asibitin koyarwa na jami'ar.

Shaida

Kowace magana na buƙatar takardar da za ta tsaya mata: rahoton likita, ko takardar shaidar rasuwa, ko takardar ɗaurin aure ga matar da za ta bi mijinta, ko rantsuwar kotu idan takardu sun salwanta.

Ƙara gishiri na da haɗari, domin jami'o'i kan kori ɗalibin da aka gano ya shiga da bayanan ƙarya, ko da ya yi nisa a karatu.

Haka nan zagin tsohuwar jami'a ba ya taimakawa, musamman da yake ita ce za ta aiko da sakamakon ɗalibin.

A Amurka da Birtaniya rubuta bayani game da kai wani ɓangare ne na neman shiga jami'a, kuma ana koya wa ɗalibai shi tun daga sakandare. A Najeriya kuwa wasiƙa ce gajeruwa zuwa ga magatakardan jami'a, wadda galibi ɗalibi kan rubuta ba tare da jagora ba.

Ɗalibin da aka karɓa ma kan iya komawa aji na ƙasa da wanda ya baro, domin jami'o'i na buƙatar ya yi wasu shekaru a wurinsu kafin su ba shi digiri.