Jinkirin ɗumamar hita a motocin dizal

Jinkirin ɗumamar hita a motocin dizal wani yanayi ne da direbobi ke fama da shi a ƙasashe masu tsananin sanyi, inda hitar cikin mota take daɗewa tana hura iska mai sanyi bayan an tayar da injin. An fi kuka da shi a Arewacin Turai, Rasha da Kanada, musamman a ƙananan motocin dizal da aka ƙera daga shekarun 1990 zuwa yau. A mafi yawan lokuta ba lalacewa ba ce. Hitar mota tana amfani ne da zafin da injin yake zubarwa, shi kuwa injin dizal (man da direbobin ƙasar Hausa suka fi kira gas) yana da tattalin mai, don haka zafin da yake zubarwa kaɗan ne, musamman idan ba ya jan kaya.

Inda zafin hita yake fitowa

A motar da ke aiki da fetur ko dizal, hita ba ta da wutar kanta. Ruwan da ke zagaya injin don sanyaya shi yana bi ta wasu tiyo guda biyu zuwa wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye a bayan dashbod. Fanka tana tura iska ta cikin wannan ƙaramin lagireto, iskar ta ɗauki zafin ruwan, sannan ta fito wajen ƙafafun fasinja ko gilashin gaba. Muddin ruwan bai yi zafi ba, to hita ba ta da abin bayarwa, ko da an murɗa ta har ƙarshe.

Akwai wani ɗan bawul mai suna tamostat a kan hanyar da ruwa ke bi zuwa babban lagireto. Yana nan a rufe har sai ruwan ya kai kimanin digiri 80 zuwa 90 a ma'aunin Selsiyas, sannan ya buɗe. Kafin ya buɗe, ruwan yana zagayawa ne tsakanin injin da hita kawai, domin zafi ya taru da wuri.

Dalilin da ya sa dizal ya fi daɗewa

Dalili mafi girma shi ne tattalin injin. Injin dizal na ƙaramar mota yana iya mayar da kusan kashi 40 cikin 100 na ƙarfin mai zuwa motsi idan yana aiki yadda ya fi dacewa da shi, na fetur kuwa yawanci bai kai haka ba. Tazarar tana ƙara faɗi a lokacin da injin ba ya jan nauyi, kamar a cunkoson cikin gari ko idan mota tana tsaye injin yana kunne. Abin da ba a mayar motsi ba shi ne yake zama zafi, wani ya bi salansa, wani ya shiga ruwa.

Na biyu shi ne yadda injin yake shaƙar iska. A injin fetur, totur yana rage iskar da ke shiga, kuma ana haɗa iska da mai a kan ma'auni kusan guda, wato nauyin iska 14.7 ga nauyin mai 1. Injin dizal ba haka yake ba. Yana shaƙar iska cike da silinda a kowane zagaye, direba yana ƙara ko rage mai ne kawai. Idan mota tana tsaye, iskar da ke shiga tana iya ninka abin da ɗan man yake buƙata sau huɗu ko fiye. Ragowar iskar, wadda a hunturun Finlan za ta iya shigowa da sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, tana kwasar zafi daga jikin silinda ta fita da shi waje. Wato injin yana sanyaya kansa daga ciki tun kafin zafi ya kai ga ruwa.

Na uku nauyi ne. Saboda dizal yana kama wuta ta hanyar matse iska da ƙarfi, ba da tartsatsin fulogi ba, dole gangar injin da fistin su zama masu kauri. Yawancinsu na ƙarfen zubi ne, kuma sukan ɗauki ruwa da baƙin mai da yawa. Duk wannan sai ya ɗumama.

Misali da lissafi

A ɗauki injin da ƙarfensa ya kai kilo 150, yana da ruwa lita 7 da baƙin mai lita 5, ya kwana a waje a sanyin digiri 10 ƙasa da sifili. Kafin a kai shi digiri 80, ƙarfen kaɗai zai sha zafi kimanin megajul 6, ruwa da baƙin mai su sha kusan 3, jimla wajen megajul 9. Lita ɗaya ta dizal tana ɗauke da kimanin megajul 36. Injin irin wannan, idan yana kunne a tsaye, yana shan tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya a awa. Idan rabin lita ce, duk ƙarfin da ke shiga injin bai wuce kilowat 5 ba, kuma wani kaso nasa zai bi hayaƙi, wani ya tafi wajen juya na'urar cajin batir, wani kuma iskar waje ta ɗauke shi daga jikin injin.

Ita kuwa hita, idan an buɗe fanka har ƙarshe a irin wannan sanyi, tana iya zuƙe kilowat da dama daga ruwan. Ke nan abin da take ɗauka ya kai, ko ma ya fi, abin da injin yake zubawa. Shi ya sa ake ganin abin da ke ɗaure wa sababbin masu dizal kai: mota ta yi rabin awa tana kunne a ƙofar gida amma allurar zafi ba ta motsa ba, ko kuma allurar ta hau a kan babbar hanya, da an shigo cunkoso ta fara sauka. Saukowa daga dogon tudu ma haka take, domin idan direba ya ɗage ƙafa daga totur mota tana cikin giya, injin na zamani yana yanke mai gaba ɗaya, ya zama iska mai sanyi kawai yake shaƙa yana fitarwa.

Tarihi

Rudolf Diesel ya nuna injinsa mai aiki a 1897, kuma Mercedes-Benz 260 D ta 1936 tana cikin ƙananan motocin dizal na farko da aka fitar kasuwa. Tsofaffin injinan ƙananan motoci suna fesa mai ne cikin wani ɗan ƙaramin ɗaki a kan injin, daga nan wutar ta bazu zuwa silinda. Wannan ɗaki yana zubar da zafi mai yawa cikin ruwa. Asarar mai ce, amma hitarsu takan yi zafi ba tare da dogon jira ba.

Abin ya canza da aka koma fesa mai kai tsaye cikin silinda. Audi ta fito da injin TDI a 1989, sannan a 1997 Alfa Romeo 156 ta zo da tsarin da ake tara mai a bututu guda mai matsi sosai kafin a raba wa silindoji. Shan mai ya ragu, zafin ruwa ma ya ragu tare da shi. A farkon shekarun 2010 fiye da rabin sababbin motocin da ake sayarwa a Yammacin Turai na dizal ne, saboda haka matsalar ta zama ta miliyoyin mutane. Ba kuma batun jin daɗi ba ne kawai: da iskar hita ake narkar da ƙanƙara da share raɓar gilashin gaba, kuma dokokin Tarayyar Turai da na Amurka sun gindaya wa masu ƙera mota sharuɗɗa a kan hakan.

Dabarun masu ƙera motoci

Wadda ta fi yaɗuwa a yau ita ce ƙarin hitar lantarki da ake kira PTC, wadda ake sakawa a hanyar iska bayan ƙaramin lagireto. An yi ta da wani irin tangaran da ke rage jan wuta da kansa idan ya yi zafi. Takan ba da kimanin kilowat 1, kuma tana fara aiki cikin daƙiƙoƙi. Iyakarta wutar mota ce: kilowat 1 a kan bolt 12 yana jan amfiya fiye da 80, don haka kwamfutar mota ba ta barin ta ta yi cikakken aiki sai na'urar caji tana da sarari. Wasu tsofaffin injinan TDI na Volkswagen sun bi wata hanya mai kama da wannan, inda aka dasa fulogai masu zafi guda uku a cikin bututun ruwa.

Manyan motocin iyali, masu faɗin ciki, sukan zo da ƙaramin murhu mai ƙona dizal daga tankin motar yana ɗumama ruwan injin. Kamfanoni biyu na Jamus, Webasto da Eberspächer, su ne suka fi suna a wannan fanni, kuma irin wanda ake sa wa ƙananan motoci yana ba da kimanin kilowat 5. Volkswagen Sharan da Ford Galaxy na dizal suna da shi a ƙarƙashin mota, yana tashi da kansa idan gari ya yi sanyi kuma ruwa bai yi zafi ba. Wanda bai san da shi ba yakan tsorata da jin ƙara kamar ta ƙaramin jirgi da ganin farin hayaƙi daga gefen mota. Idan aka haɗa masa agogo ko rimot, yana iya ɗumama mota tun kafin mai ita ya fito daga gida.

Toyota ta sa wa wasu Land Cruiser na ƙasashen sanyi wata na'ura da bel ke juyawa, tana cakuɗa wani mai mai kauri har ya yi zafi ya ba ruwa. A Kanada, Suwidin, Nowe da Finlan kuwa, an saba da hitar gangar injin da ake jona wa wutar gida, har wuraren ajiye motoci da yawa suna da soket a jikin sanduna. DEFA na Nowe da Calix na Suwidin suna cikin masu ƙera ta. Kujeru masu ɗumi, da gilashin gaba mai siraran wayoyi a ciki irin Quickclear na Ford, ba sa ɗumama ruwa, amma suna rage wahalar jira.

Abin da direba zai iya yi

Barin mota tana kunne a tsaye shi ne abin da mutane suka fi yi, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani. Littattafan motoci da yawa suna ba da shawarar a share gilasai, a tayar da injin, a kama hanya a hankali ba tare da takura shi ba, domin jan nauyi shi ke kawo zafi. Rage gudun fanka a mintunan farko yana barin ruwa ya tara zafi. Juya iskar cikin mota maimakon jawo ta waje yana saurin ɗumama ciki, sai dai gilashi yakan yi raɓa idan aka daɗe. Dogon kunnawa a tsaye yana tara baƙin toka a matatar hayaƙi, kuma dokar hanya ta Jamus ta hana kunna injin ba gaira ba dalili, yayin da garuruwa da yawa a Suwidin suka ƙayyade minti 1. Ba a kunna injin ko murhun dizal a rufaffen gareji saboda gubar hayaƙi.

Bambanta shi da lalacewa

Idan bayan tafiya mai ɗan tsawo a babbar hanya allura ta kai inda ta saba tsayawa kuma iska ta yi zafi, to motar lafiya take. Idan allura ba ta taɓa kaiwa, ko tana sauka a lokacin da ake gudu, galibi tamostat ne ya maƙale a buɗe. Idan allura ta hau amma iska ba ta da zafi, sai a duba ko ruwa ya yi ƙasa, ko iska ta shiga bututu, ko ƙaramin lagireto ya toshe. Bakanike yakan taɓa tiyo biyun da ke shiga dashbod: ɗaya da zafi ɗaya da sanyi alamar toshewa ce, dukansu da zafi kuwa yana nuna ƙofar da ke haɗa iska mai zafi da mai sanyi ce ba ta motsi. Ba a buɗe murfin lagireto injin yana da zafi.

Kalmar hita kanta tana kawo ruɗani, domin a bakin direbobin manyan motoci tana kuma nufin fulogan da ke ɗumama silinda kafin a tayar da injin dizal. Waɗannan aikinsu taimaka wa injin ya tashi, ba su da hannu a ɗumin cikin mota. Daskarewar man dizal a tsananin sanyi ma wata matsala ce daban.

A Najeriya da Nijar

Sanyin hunturu a Jos, Kano ko Agadas bai kai wanda ke hana injin ɗumama ba, amma motocin da ake shigowa da su na hannu daga Turai suna zuwa da kayan sanyin can a jikinsu, har da murhun dizal da ba ya samun dalilin tashi. Abin da ya fi shafar batun a nan shi ne al'adar cire tamostat da haɗa fankar lagireto kai tsaye, da sunan gudun zafin injin. Motar da aka yi wa haka tana daɗewa ba ta kai zafin aikinta ba, tana ƙara shan mai da hayaƙi, kuma da asubahin hunturu ko lokacin ruwan sama hitarta ba ta iya share raɓar gilashin gaba da wuri.