Kada A Yar Da Tsohuwar Rauta Tun Ba A Bincika Ba

'Yan'uwana malamai da ɗalibai, na lura a gidajen malamai da ofisoshin kwalejin nan akwai tsofaffin rauta da dama a ajiye, ƙura ta rufe su. Rauta ita ce 'yar akwatin nan mai ƙahoni da ke karɓar intanet ta rarraba wa wayoyi da kwamfutoci. Ina so in bayyana muku abin da ke tsofar da ita, da yadda a ke sabunta ta.

Ku sani rauta ƙaramar kwamfuta ce, a cikinta akwai manhajar da ke sarrafa ta. Ƙarfen ya kan daɗe lafiya lau. Manhajar ita ce ke tsufa, domin in an sami 'yan shekaru sai kamfanin da ya ƙera ta ya daina aiko da gyara. Kowace ɓaraka aka gano daga baya sai ta zauna a buɗe, in kuwa bango ya tsage ƙadangare ya sami wurin shiga. A 2018 wata muguwar manhaja mai suna VPNFilter ta shiga na'urori wajen 500,000 a ƙasashe 54, galibinsu rauta na gida da na ƙananan ofisoshi.

To, ga asalin maganin. A ƙarshen 2002 kamfanin Linksys na Amurka ya fito da wata rauta, WRT54G. A 2003 masana suka gane an gina manhajarta a kan Linux. Shi kuwa Linux yana da sharaɗi: wanda ya gina kaya a kansa ya sayar, lalle ya bayyana rubutun manhajar ga jama'a. Aka matsa wa kamfanin har ya bayyana. Daga nan masu sha'awa suka ɗauka suka yi ta gyarawa, aka sami OpenWrt a 2004, DD-WRT a 2005, Tomato a 2006. Irin waɗannan su a ke kira buɗaɗɗiyar manhaja, watau kowa na iya dubawa, ya gyara, ya ba wani kyauta.

Mene ne amfaninta gare mu? Na farko, a kan ci gaba da toshe ɓaraka bayan kamfani ya janye hannu. Na biyu, ana iya raba layin baƙi da na ofis, don kada mai ziyara ya leƙa kwamfutar da ke ɗauke da sakamakon jarrabawa. Na uku, ana iya daidaita rabo, kada mutum ɗaya mai sauke fim ya hana sauran karatu. Na huɗu, tsohuwar rauta ta kan zama mataimakiyar sabuwa, ta miƙa intanet zuwa ɗakin da ba ya kaiwa.

Amma fa ba kowace rauta ke ɗauka ba. Tana da ma'aji biyu. Ɗaya kamar rumbu ne, inda manhaja ke kwana. Ɗaya kamar masussuka, inda a ke aiki. Mai rumbun megabait 4 da masussukar megabait 32 ta yi ƙanƙanta, fitowar OpenWrt mai lamba 19.07 ita ce ta ƙarshe da ta ɗauki irinta. Yanzu abin da a ke so shi ne 16 da 128 ko fiye. Ita kanta WRT54G, uwar tafiyar, an wuce da saninta. Wadda ta gaza haka kada a ba ta tsaron ƙofa.

Wanda zai gwada ya kiyaye waɗannan. Ya juya rautar ya karanta sunanta da lambar ƙirarta, ya nema a jerin na'urorin da OpenWrt ke bugawa. Suna ɗaya ba ya isa, zama a 2005 Linksys ya rage ma'ajin WRT54G da rabi, ya sake mata manhaja, suna kuwa bai sake ba. Da yawa daga cikin rautar da kamfanonin waya ke sayarwa tare da layi ba su cikin jerin. Sa'an nan ya haɗa rautar da kwamfuta da igiya, ya jona ta a batir ko infata, domin in aka ɗauke wuta ana tsakiyar zuba manhaja tana iya mutuwa murus. In an gama, ya shiga 192.168.1.1 ya sa kalmar sirri nan take, don OpenWrt ta kan zo ba ta da ita. Wi-Fi ma a kashe ya kan zo, sai an sa masa tasa kalmar an kunna.

Shawarata ita ce a fara koyo da rautar da ba kowa ke dogara da ita ba, kuma kada ɗalibi ya taɓa ta kwaleji sai da iznin mai kula da ita. Bayan haka a riƙa leƙawa ana sa sabon gyara, domin buɗaɗɗiyar manhajar ma in an yi sakaci da ita tsufa ta ke yi.

Allah ya sa mu amfana. Haza wasalam.