Wake ɗaya ke ɓata gari: idan abokin sana'a ya ce ka rufa asiri

Tun bayan hare-haren da aka kai Diffa da Bosso a watan Fabrairu na 2015, mutanen Assaga da na garuruwan bakin Komadugu da dama suka bar gidajensu, suka koma gefen babbar hanyar RN1. Garkuna sun ragu, wuraren kiwo sun ƙuntata. Matar da ke da saniya biyu ko awaki biyar ba ta samun madarar da za ta biya mata kuɗin mota zuwa birnin Diffa, sai ta haɗa da maƙwabta: bido ɗaya, mai kai wa kasuwa ɗaya, a raba kuɗi da yamma. Wannan haɗin kai shi ne ƙarfin ƙungiya. Sai dai da zarar madara ta shiga bido ɗaya, abin da mutum ɗaya ya yi ya zama na kowa.

Abubuwa uku da ake cewa a yi shiru a kansu

Na farko shi ne madarar dabbar da aka yi wa allura. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su oksitetrasiklin da ake sayarwa a kasuwanninmu, ba sa barin jikin dabba ranar da aka yi allurar. Suna fita a hankali, kuma wani kaso yana bi ta madara. Shi ya sa kowace kwalba ta gaskiya ke ɗauke da kwanakin jira. Da Faransanci ana rubuta “temps d'attente”, kwalaben da suka tsallako daga Najeriya kuma “withdrawal period”. Na madara yakan zama ƴan kwanaki, na nama yakan kai makonni, wasu magungunan ma an hana yi wa dabbar da ake tatsa gaba ɗaya. Tafasa madara ba ta kawar da maganin duka. Alamar da mata suka fi sani ita ce nono ya ƙi kamawa, domin maganin ya kashe ƙwayoyin da ke sa shi tsami da kauri. Ƙwarya ɗaya na iya hana bido guda zama kindirmo.

Illar ba ta tsaya ga ciniki ba. Shan magani kaɗan kaɗan a cikin abinci yana cikin hanyoyin da ƙwayoyin cuta ke sabawa da shi har ya daina aiki. Binciken da mujallar likitoci ta The Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa cututtukan da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki asarar rai idan aka duba yawan jama'a.

Na biyu shi ne ƙara ruwa, musamman da rani in tatsa ta yi ƙasa. Ban da algus, ruwan rijiya ko na kogi yana iya shigar da gudawa da kwalara cikin abincin da yara suka fi sha.

Na uku ya shafi maza: a yanka dabbar da ke gab da mutuwa da dare, a kai wa mahauci da araha kafin mai duba nama ya gani. Idan dabba ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini marar daskarewa yana fita ta hanci ko ta dubura, ana zargin ciwon saifa. Irin wannan ba a feɗe ta ko kaɗan, domin cutar tana kama mai fiɗa da mai ci, kuma ƙwayoyinta suna zama a ƙasa shekaru masu yawa.

Me ya sa mutumin kirki ke yin shiru

Yawancin masu yin waɗannan abubuwa ba mugaye ba ne. Macen da aka ce ta zubar da madarar mako guda tana kallon cefanen mako guda ne. Wadda ta gan ta kuma ƴar uwarta ce, ko kishiyar yayarta, ko wadda ta ranta mata gero lokacin gudun hijira. Sai a ce mata: “Haba ƙanwata, kowa haka yake yi, ke ce za ki tona mana asiri?” Kunya da zumunci, waɗanda su ne suka riƙe mutane a lokacin wahala, sai su zama abin rufe baki.

Akwai kuma lissafi. A misali, mata goma sun haɗa lita 20, ana raba kuɗi gwargwadon abin da kowace ta kawo. In uku suka ƙara ruwa, rabonsu ya ƙaru, na sauran ya ragu, in mai saye ya rage farashi kuma kowa ya shafa. Mai gaskiya tana biyan kuɗin gaskiyarta ita kaɗai, har ta fara tambayar kanta ko ita ce wawiya.

Inda wannan hanya take kaiwa an gan shi a ƙasar Sin a 2008. Masu tara madara sun riƙa ƙara ruwa, sannan su zuba wani sinadari mai suna melamin don a ga kamar madarar na da ƙarfi. Jarirai shida suka rasu, kimanin 300,000 suka kamu da ciwo, kamfanin Sanlu ya rushe, masu shanun da ba su san hawa ba su san sauka ba suka yi ta zubar da madara don babu mai saye.

Abin da ƙungiya za ta yi

Wa'azi kaɗai ba ya isa muddin mai gaskiya ce ke ɗaukar asara. Aikin ƙungiya shi ne ta sauke nauyin daga kan mutum ɗaya.

A tsai da doka tun ba a yi laifi ba. A zauna gaban shugabar ƙungiya da bulama, a amince cewa madarar dabbar da ke cikin kwanakin jira ba ta shiga bido. In dokar ta kowa ce, mai tunatarwa ba ta zama mai kai ƙara ba.

A gwada ta kowa, kullum, har da ta shugaba. Ma'aunin kaurin madara ɗan ƙaramin gilashi ne da ake tsomawa a ciki. Madarar saniya marar algus tana nuna kusan 1.028 zuwa 1.033, in an ƙara ruwa sai ya yi ƙasa. Wannan ma'auni ba ya gano magani. Don haka a ɗebi kaɗan daga ta kowa a ƙaramin kofi, a tafasa, in ta huce a sa ɗan tsohon nono, a duba washegari wadda ta ƙi kamawa. Idan gwaji ya hau kan kowa, babu wadda za ta ce an tsane ta.

A yi asusun ragewa juna asara. In kowace mamba ta bar dala ɗaya ko biyu a kan kowace lita, wadda ta janye madararta saboda allura za a ba ta wani abu. Da zarar faɗin gaskiya ya daina jawo yunwa, ɓoyewa ta ragu. Irin wannan asusu zai taimaki wanda dabbarsa ta mutu ya binne ta maimakon ya nemi mahauci.

A sa wa dabbar da aka yi wa allura alama, ko da jan ƙyalle ne a ƙaho ko a wuya, a rubuta ranar allura da ranar da jira zai ƙare. Wanda bai iya karanta kwalba ba ya tambayi mataimakin likitan dabbobi na yankinsa ko ma'aikatan kiwo na jihar Diffa, kuma a guji maganin da ba shi da takarda. Ɗan maraƙi zai ci gaba da shan uwarsa, amma kada a ba yaran gida wannan madara.

In kuma ke ce kika gani, ki fara da ita a keɓe, da lafazi mai laushi: “Yaya, na ga an yi wa jar saniyarki allura jiya. Ki riƙe tata zuwa ƙarshen kwanakin, ni zan raka ki wurin ma'aji.” Sai in ta ƙi ne za a kai maganar ga shugaba. Hakan bai ɓata zumunci ba, domin ƴaƴanta da naki daga bidon nan suke sha, kuma mai sayen da ya gane an yi masa algus sau ɗaya ba ya tambayar ƙwaryar wa ce, ƙungiyar gaba ɗaya yake bari.